Kibod ko alƙalami? Ka tambayi yatsunka kafin ka biya kuɗin IELTS

Shekara 11 ke nan ina zaune a Jidda, kuma babu shekara ɗaya a ciki da ban zauna da wani ɗan gida muna shirin jarrabawar Turanci ta IELTS ba. Da rana ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, bayan isha'i kuma falona ya koma aji. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai nas-nas da suka zo aiki asibitocin ƙasar nan amma hankalinsu na Ingila. Akwai malaman da suka gama digiri a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura, suna neman ƙaro karatu a Malesiya ko Birtaniya. Akwai kuma yaranmu haifaffun Makka da Jidda, jikokin alhazan da suka ratso Cadi da Sudan a ƙasa, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Kafin a zuba shayi, tambayar da kowa ke fara jefo min ɗaya ce: “Malam, ta kwamfuta zan yi ko ta takarda?”

Na daɗe ina amsawa da cewa kowa ya bi wadda ta kwanta masa a rai. Na daina, domin na ga inda wannan amsa ta kai mutane. Rai yakan kwanta ne da abin da kunne ya saba ji, alhali hannu bai taɓa gwadawa ba. Kuɗin zama IELTS a nan kuwa ya haura riyal 1,000, kuma na san mutanen da sai sun yi watanni suna tsimi kafin su haɗa shi. Matsayina yau shi ne: duk wanda ke da wata biyu a gabansa, ya zauna ya koyi buga rubutu da yatsu goma, sannan ya yi ta kwamfuta. Wanda lokaci ya ƙure masa kuma bai iya kibod ba, kada kunyar a ce masa ɗan ƙauye ta tura shi ɗakin kwamfuta, ya nemi ta takarda in har cibiyarsa tana yin ta. Koyon kibod ɗin nan shi ne nauyin maganar, shi ne kuma mutanenmu ke tsallakewa.

Akwai jita-jitar da ke yawo a majalisun 'yan gida, daga Misfala ta Makka har unguwar Sabil ta Jidda, gara in fara da ita. Wata nas 'yar Gombe ta zo wurina bayan ta samu maki 6 a sashen rubutu har sau biyu, duka ta takarda. Hukumar NMC mai yi wa nas-nas rajista a Birtaniya tana neman 7 a sauraro da karatu da magana, da aƙalla 6.5 a rubutu. Rabin maki ne ya tsaya mata a wuya kamar ƙaya. Na ce me zai hana ta gwada ta kwamfuta. Ta ce, “Malam, an ce ta takarda mutum ne ke dubawa, yana iya tausayawa. Ta kwamfuta kuwa inji ne, ba ya raga wa kowa.” A makon ne kuma wani saurayi ya zo min da akasin haka, wai tambayoyin kwamfuta sun fi sauƙi don ana son jawo mutane.

Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Jarrabawar ɗaya ce, masu ita ɗaya ne tun da aka fara ta a 1989: British Council, da IDP ta Ostireliya, da Cambridge. Ko a takarda ko a kwamfuta, tambaya 40 ce a sauraro cikin kusan minti 30, tambaya 40 a karatu cikin awa guda, rubutu biyu cikin awa guda. Makin daga 0 zuwa 9 ne. Rubutunka ɗan Adam ne mai horo zai karanta shi, ko da alƙalami ka yi ko da kibod, kuma da ma'auni ɗaya zai auna. Sashen magana kuwa, na minti 11 zuwa 14, hira ce da mutum mai jini a jika a kowane tsari. Jami'o'i da hukumomi na karɓar sakamakon biyun daidai wa daida. Abin da ya bambanta kawai shi ne ƙofar da Turancin da ke cikin kanka zai bi ya fito. In ƙofar ta yi ƙunci, ko buhu nawa ke cikin rumbu, mudu ɗaya za a gani a waje.

Ɗan yayata ne ya koya min wannan, kuma har yau abin na yi min ciwo. Haifaffen Makka ne, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, Turancinsa ya fi na yawancin tsararrakinsa. Da na ce ya zo mu gwada saurin hannunsa a kibod kafin ya yi rajista, sai ya ce, “Haba Kawu, ni fa Ƙudurat ma muhausab na yi.” Ga wanda bai san ƙasar nan ba, Ƙudurat ita ce jarrabawar da cibiyar Ƙiyas ke yi wa masu neman shiga jami'a, kuma yaran nan sun san ta iri biyu: waraƙi, wato ta takarda, da muhausab, ta kwamfuta. Gaskiyarsa ce, ya yi ta kwamfuta kuma ya ci. Sai dai zaɓi ne cikin amsoshi, ka duba ka danna. Haka jarrabawar Turanci ta STEP da Ƙiyas ɗin ke shiryawa. Haka JAMB, jarrabawar shiga jami'a a gida Najeriya, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015: yaro na iya gama ta da danna A, B, C ko D da wasu 'yan madannai kaɗan. Waɗannan jarrabawoyi sun koya wa yaranmu danna, sai suka ɗauka sun iya rubutu.

Ɗan yayar tawa ya je ya zauna IELTS ta kwamfuta. Ya ci 7 a sauraro, 7 a magana, ya samu 5.5 a rubutu. Ya ce min lokacin da agogon da ke saman allon ya nuna saura minti biyar, bai kai kalma 200 a rubutu na biyu ba, kuma hujjar da ya fi ji da ita tana nan a kansa ba ta sauko ba. Lokaci na cika allo ya rufe. A ɗakin kwamfuta babu “Malam, don Allah bari in ƙarasa jimlar nan.”

Mu yi lissafi a fili. Rubutu na farko aƙalla kalma 150 ake so, na biyu aƙalla 250, kuma na biyun ya ninka na farko nauyi a wajen maki. Kalma 400 ke nan mafi ƙaranci, cikin minti 60. Ka cire minti goma na tunani da tsara abin da za ka ce, ka cire wasu biyar ko fiye na dubawa. Wanda ke farautar haruffa da yatsa biyu, yana buga kalma 15 a minti, zai ƙone kusan minti 27 a bugu zalla, ba tare da ya tsaya ya nemi kalma ko ya goge kuskure ba. Wanda ke buga 30 a minti, cikin minti 14 ya sauke wannan nauyi, sauran lokacin na tunaninsa ne. Kuma ba lokaci kaɗai mai farauta ke asara ba. Duk sanda idonsa ya sauka kan kibod yana neman inda “b” ta shige, jimlar da ya ɗauko ta tsinke masa, sai ya sake ƙulla ta, kuma sau da yawa ba ta ƙulluwa kamar da.

Waya ce ta yaudare mu. Yaron da ke tura saƙo da manyan yatsunsa biyu kamar walƙiya yana ganin ai ya gama da kwamfuta. Ya manta cewa wayar ce ke ƙarasa masa rabin kalmomin, ita ce ke gyara masa haruffa tun kafin ya lura ya yi kuskure. A jarrabawa babu wannan gata. Babu jan layi a ƙarƙashin kalma, babu mai raɗa maka cewa accommodation tana da “c” biyu da “m” biyu. A sauraro da karatu kuwa, harafi ɗaya ya kauce amsar ta faɗi, ko da ka ji daidai ka gane daidai. Kusan amsa 30 cikin 40 ake bukata kafin a kai maki 7 a sauraro, to ka ga babu rarar da za a yi wasa da ita.

Malamanmu na Madina nasu al'amarin daban ne, kuma ya fi ba ni sha'awa. Yawancinsu da allo da tawada suka tashi. Mutum ne da zai zauna awa uku a jarrabawar fiƙihu yana cika shafi bayan shafi da hannu, rubutu kamar an zana. Da ya ji ana maganar zaɓi, ba ya ko tunani: takarda. Amma sai in ba shi farar takarda in ce ya rubuta min sakin layi biyu da Turanci, in zauna ina kallon hannun. Hannun nan da ke gudu daga dama zuwa hagu, da ya juyo hagu zuwa dama sai ya koma tafiyar hawainiya, harafi ɗai-ɗai, kowanne a ware. Jimirin yana nan, saurin ne babu. Takardar da yake gani mafaka ce ba lallai ta ɓoye shi ba.

A kibod ma baƙo ne, amma baƙon da ya san gari. Da yawansu su suka buga bincikensu na kammala karatu da kansu, da Larabci. Yatsunsu sun san cewa a saman hagu harafin lodi yake, sodi na biye da shi, a daidai inda Q da W suke zaune. Zaman hannu a kan kibod, da rashin kallon ƙasa, da amfani da yatsu duka, duk sun riga sun samu. Taswirar ce kawai za a sauya musu. Cikin duk waɗanda na koyar, babu masu saurin kama kibod ɗin boko kamarsu, in dai sun yarda sun zauna. Wahalar ita ce shawo kan malami mai gemu, wanda ake ɗaukar karatu a gabansa, ya koma buga “asdf” kamar ɗan aji ɗaya. Nakan ce masa, “Allah ya gafarta Malam, ai da ba a yi babbaƙu da farfaru ba, da ba a kai sauka ba.” Yawanci sukan yi murmushi su jawo kujera.

'Yan uwanmu na Nijar, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, su lura da wani tarko na daban. Wanda ya koyi kwamfuta a kibod ɗin Faransanci ya saba da A a inda Q take, Z a inda W take, M ma ba a wurinta ɗaya ba. Ya nemi irin kibod ɗin da ake sayarwa a kasuwannin nan, mai farawa da QWERTY, ya yi atisaye a kai tun da wuri, ya kuma tambayi cibiyar irin wanda zai tarar.

To in an sha wannan wahala, me za a samu? Babban abin a wurina ya shafi yadda mu Hausawa muke gina magana. Mu mutanen shimfiɗa ne. Ba ma faɗa wa zance kai tsaye. Sai mun gaisa, mun kewaya, mun kawo misali, can daga baya a fito da abin da ya kawo mu. Wanda ya yi karatun Larabci kuma ya ƙara da doguwar muƙaddima ta insha'i. A zaure wannan ladabi ne, kuma ina alfahari da shi. Mai duba IELTS kuwa so yake tun sakin layin farko ya san inda ka tsaya, kowane sakin layi kuma ya ɗauki magana ɗaya ya kai ta gida. Abu huɗu yake aunawa, kowanne rubu'in maki: amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Sau nawa na karanta rubutun ɗalibi na tarar cewa jimlar da ta kamata ta buɗe ƙofa tana kwance a layi na goma sha biyar. A takarda in ka farga da haka, sai dai gogewa da jan kibiya da cusa kalmomi a gefe, shafi ya koma kamar gonar da kaji suka tona. A kwamfuta ka yanko ta ka kai ta sama, ka share shimfiɗar, cikin daƙiƙa kaɗan. Ga Bahaushe wannan dama ba ƙarama ba ce.

Sauran amfanin kowa ya san su. Kwamfuta na ƙirga maka kalmomi kana rubutu, ba sai ka bi layi da yatsa ba. Wanda rubutun hannunsa ya lalace, kuma likitoci da nas-nas sun san da su nake, ya huta da fargabar ko mai dubawa zai iya karantawa. A sashen karatu, nassin na gefe ɗaya tambayoyin na ɗaya gefen, kana iya shafa wa jimla launi, kana iya ƙara girman rubutu in ido ya fara gajiya. Kuma amsarka na shiga ne kai tsaye. A takarda babu ƙarin lokacin kwafe amsoshin karatu zuwa takardar amsa, duk cikin awa gudan ne, kuma na san fiye da mutum ɗaya da aka ce a ajiye alƙalami alhali amsoshi goma na ƙarshe suna kan takardar tambaya.

Inda takarda ta yi zarra shi ne sauraro, kuma ba zan rage mata komai ba. Sau ɗaya tak ake sa muryar. A takarda kana iya yin gajeren rubutu yadda ka ga dama kana bin mai magana, sannan a ba ka minti 10 cif ka kwafe amsoshi a natse, ka gyara haruffa. A kwamfuta minti 2 ne kawai na dubawa, domin ana ɗauka ka riga ka buga amsar tun lokacin da kake ji. Kunne na sauraro, ido na karanta tambaya ta gaba, yatsu na bugawa, duk a lokaci guda. Ga wanda bai saba ba, a nan jirgi ke kifewa: yana neman harafin amsa ta 12, mai magana ya wuce ta 14. Abin da ke ɗan rage zafin shi ne a ɗakin kwamfuta kowa da abin sauraronsa a kunne, ya daidaita ƙarar yadda yake so, alhali wasu zaurukan takarda da lasifika ake yi, kuma wanda ya taɓa zama kusa da na'urar sanyaya ɗaki a Jidda ya san abin da take yi wa kunne. Akwai kuma ƙarar kibod ɗin maƙwabta a lokacin rubutu, kamar ruwan sama a kan kwano. Wasu ba ta dame su ba, wasu kuwa tana wargaza musu tunani. Wannan ma abin gwadawa ne a gida, ba a ranar ba.

Sai maganar lokaci, wadda ga mu baƙi ba ƙaramar magana ba ce. Sakamakon takarda kwana 13 yake ɗauka. Na kwamfuta yakan fito cikin kwana ɗaya zuwa biyar. Ranakun takarda, inda har yanzu ake yin ta, ƙidayayyu ne a wata, na kwamfuta kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba a manyan cibiyoyi. Nas mai aikin dare da ba ta da ikon zaɓen ranar hutunta, ko ɗalibin da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ke gab da ƙarewa bayan kammala karatu, ko wanda zai hau jirgin ƙasan Haramaini ya zo Jidda ya koma a yini ɗaya, kowannensu ya san darajar a ce masa akwai gurbi ranar Talata. Sannan akwai damar sake sashe ɗaya kacal cikin kwana 60, maimakon maimaita jarrabawar dukanta, kuma wanda ya yi ta kwamfuta ne kaɗai ke samun ta. Da ɗan yayata ya san da ita a kan lokaci, rubutun kawai zai sake. Amma ba kowace jami'a ko hukuma ke karɓar irin wannan sakamako ba, don haka a tambayi inda za a kai shi kafin a biya. Haka kuma wadda ake yi daga gida ta intanet: ba a karɓar ta a harkar biza, kada sauƙinta ya ruɗi kowa.

Duk wannan shawara ce ga mutum ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi haka girma. Zaɓin da muke ta muhawara a kai yana ƙanƙancewa a gaban idonmu. Cikin sauran jarrabawoyin Turanci, TOEFL ta koma intanet tun 2005. PTE da kwamfuta aka haife ta a 2009. IELTS ta fara ta kwamfuta a Ostireliya a ƙarshen 2017, kuma a 2025 aka rufe ta takarda gaba ɗaya a Biyetnam. A ƙasar nan likita ko nas ba ya samun lasisin aiki sai ya zauna gaban kwamfuta, kuma mu duka mun ga yadda sabunta iƙama da neman izinin Umara suka koma manhajojin Absher da Nusuk. Kiɗa ya riga ya canza. Wanda ke da ƙane ko ɗa ɗan shekara 14 yau, kada ya yi masa tanadin cewa zai tarar da takarda.

Ban yarda cewa wannan sauyi adalci ne ga kowa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin jarrabawa ɗaya ne ga kowa, amma kwamfutar gida ba kowa ke da ita ba. Yaron da ya tashi a gidan da ke da laftof uku, da yarinyar da ke zaune da iyayenta da ƙannenta shida a ɗaki biyu a bayan Shari'u Mansur a Makka, in sun shiga ɗaki ɗaya, ba Turanci kaɗai ake aunawa ba, har da abin da iyayensu suka mallaka. 'Yan mata abin ya fi shafa, domin ɗan'uwanta na iya fita ya zauna a shagon abokinsa ya taɓa kwamfuta, ita kuwa waya ce iyakarta. Tsoron da iyaye ke yi wa inji ma ba na banza ba ne. A watan Mayun 2025 JAMB da kanta ta fito ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000, har aka sake musu jarrabawa. Wanda ɗansa na cikinsu ba za ka ce masa kwamfuta ba ta kuskure ba. Ina ganin haƙƙi ne a kan masu shirya jarrabawar Turanci, duk inda za su rufe takarda, su bar wa mai so damar yin sashen rubutu da hannu, su kuma buɗe ɗakunan kwamfutarsu ga wanda ya yi rajista ya zo ya gwada kafin ranar. Wanda ya karɓi riyal dubu da ɗoriya a hannun talaka, awa biyu a gaban kibod ba za ta karya shi ba.

Amma ba zan zauna jiran su ba, kuma bai kamata mu jira ba. Mu mutane ne masu haɗa kuɗi. In an yi haihuwa muna haɗawa, in an yi rasuwa muna haɗawa, in wani ya shiga matsala kafin gari ya waye an tara abin da aka tara. Ban taɓa jin majalisar da ta haɗa kuɗi ta sayi tsofaffin laftof biyar ta ajiye a gidan wata Hajiya don 'yan matan unguwa su riƙa zuwa bayan la'asar ba. Kasuwar kayan hannu cike take da su. Wanda ma bai kai nan ba, akwai kibod da ake haɗawa da waya, kuɗinsa bai kai na cin shinkafar mandi na mutum uku ba, kuma darussan koyon bugu kyauta ne a intanet. Su ma masu jarrabawar sun sa samfurin ta kwamfuta kyauta a shafukansu, da irin allon da za a tarar. Muna kashe kuɗi a lasin ɗin nahawu, har wasu na kai kuɗinsu ga 'yan damfarar da ke cewa za su “gyara” sakamako daga ciki, amma minti 20 a rana na horar da yatsu ya gagare mu.

Yanzu duk wanda ya zo min da tambayar nan, ba na amsa masa da baki. Dare biyu nake nema. Daren farko in ba shi tambayoyin rubutu biyu da takarda, in sa agogo awa guda. Dare na biyu in ba shi wasu makamantansu a laftof ɗina, bayan na kashe mai gyaran haruffa. Sai mu ajiye su gefe da gefe mu ƙirga: kalma nawa, kuskure nawa, wanne ne ya kai ƙarshen maganarsa. In bambancin kaɗan ne, kwamfuta. In na takarda ya fi nesa kuma akwai lokaci, a ɗage rajista a koma kibod. In babu lokaci, takarda, in har cibiyar tana yin ta, ba tare da jin kunyar kowa ba. Ma'aunina, wanda ni na yanka wa kaina daga abin da na gani, shi ne kalma 30 a minti ba tare da kallon yatsu ba.

Nas ɗin nan 'yar Gombe ta yi dararen biyu. A takarda ta cika kalmominta, amma shafin duk gogewa ne, kuma matsayinta bai fito ba sai a sakin layi na uku, irin shimfiɗar da na faɗa. A laftof tsarin ya fi kyau, sai dai ba ta gama ba. Da muka auna, kalma 18 take bugawa a minti. Ta riga ta sa ran yin rajista a makon. Na ce ta dakata. Ba ta ji daɗi ba, ta ce min akwai yara biyu a gida wurin mahaifiyarta, kowane wata da ya wuce nauyi ne. Na ce na sani, shi ya sa ba na son ta biya karo na uku ta dawo da 6.

Ta ari tsohon laftof ɗina. In ta taso daga aikin dare, kafin ta kwanta, takan yi minti 20. Duk Juma'a takan turo min lamba ɗaya ba tare da wani bayani ba: 21, sai 24, sai 24 kuma, makon da ta ce yatsunta sun ƙi. Mako na bakwai, ina fitowa daga masallaci, saƙonta ya shigo: “Malam, yau 31, kuma ban kalli ƙasa ba.” Na rubuta mata cewa ta duba jadawalin aikinta, ta zaɓi rana.